Haƙƙin Itacen da Ya Yi Yaushi

Bahaushe na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka shi ma ganyen itace ba ya ƙonewa banza. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ko lemo ko gwaiba a bakin gulbin Gagare a Ƙaura Namoda, ko a fadamun Shinkafi, ko a gaɓar Bunsuru ta Zurmi, ya san ranar da akan wayi gari a tarar bakin ganyen ya koma ruwan ƙasa, ya nannaɗe, yana kakkaɓewa. Tambayar da za mu tattauna a nan ita ce, wane haƙƙi wannan itace yake da shi a kan mai shi? Kyakkyawar niyya kaɗai ta wadatar?

Mu fara da abin da masu lambu suka sani. Ƙishirwa tana ƙona ganye, musamman in hunturu ya kaɗo ko zafin bazara ya tsananta. To amma yawan ruwa ma yana ƙona shi, domin saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ta daɗe cikin taɓo sai ta ruɓe, ta kasa kai ruwa sama, ganye ya bushe alhali gindin yana jiƙe sharkaf. Takin zamani in ya yi yawa, gishirinsa yakan janye ruwa daga saiwa. Gara kuma tana nata aikin a ƙarƙashin ƙasa. Ga cuta huɗu, alamarsu ɗaya. Wanda ya ga alamar ya garzaya ya ƙara ruwa da taki saboda tausayi, mai yiwuwa ne da hannunsa zai ƙarasa abin da ya zo ceto, wato garin neman gira a rasa ido.

Ashe ke nan haƙƙin farko shi ne bincike. A tona gindi a taɓa ƙasar, a duba saiwa, a kankare ɓawon reshe da farce. In an ga kore da danshi, akwai rai. Sai a yanke busassun rassa, a dakatar da taki, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko kara a kewayen gindin, a riƙa ban ruwa mai zurfi jifa-jifa. Wani lokacin ma babu cutar komai. Gawo da damina yake zubar da ganyensa, ya tofo da rani, kuka kuwa da rani take tsayawa tsirara. Baƙon da bai san halinsu ba zai rantse sun mutu.

Wani zai ce, ai ruwa tsada gare shi a ƙasarmu, kuma kowane bokiti da aka zuba wa itacen da ba zai tashi ba, an hana wa mai rai ne. Wannan magana gaskiya ce, ba ma musunta. Akwai itacen da ya mutu murus, kuma ci gaba da yi masa hidima asara ce. Sai dai hukuncin mutuwa yana buƙatar shaida, ganye kuwa raunannen mashaidi ne.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ba mu misali. Bayan farin shekarun 1970, an yi ta dashen itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu saiwa a raye. Manoma suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture suna aske sauran, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a Nijar. Dajin yana nan a ƙasa tun farko, mai dubawa ya jira.

Ya 'yan'uwa marubuta, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Matashi yakan kawo rubutunsa na farko, ƙa'idojin rubutu a karye, labarin a yamutse. Wani manazarci zai ce wannan ba marubuci ba ne, ya sare shi tun daga tushe. Wani kuma zai ambaliya masa yabo don kada ransa ya ɓaci, har saiwar ta ruɓe. Dukansu biyu a ganye suka tsaya. Wanda ya sauke nauyi shi ne wanda ya zauna ya karanta har ƙarshe, ya gano shafi ɗaya mai rai, ya ce wa yaron ya riƙe wannan ya datse sauran. In kuma an duba da kyau ba a sami koren ba, a faɗa masa gaskiya cikin mutunci, ya sake sabon dashe.

Haka abin yake ga ɗan da ya kangare, da zumuncin da ya yi sanyi, da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da rashin tsaro ya tarwatsa mutanensu. Kafin mu yanke ƙauna ko mu kwarara agajin da bai dace da cutar ba, wajibi ne mu durƙusa mu tona gindi. Allah Ya ba mu haƙurin dubawa, Ya kuma sa mu dace, amin.