Alhakin Jini a Hanyar Ƙauye

Idan mota ta kaɗe yaro a ƙauye, abin da masu ta'aziyya sukan fara faɗa shi ne, nufin Allah ne. Magana ce ta sanyaya zuciya, iyayen da aka yi wa rashi kuwa suna bukatarta. Amma idan ta fito daga bakin direban da ya ratsa kasuwar ƙauye yana gudun kilomita 100 a awa, sai a tsaya a duba. Bai yi niyyar kisa ba, kowa ya sani. To, rashin niyya ya isa ya wanke shi?

Shari'ar Musa ta taɓo irin wannan a Littafin Fitowa sura 21, game da san da ya tunkuyi mutum har ya mutu. In bai taɓa yi ba, mai shi ba shi da laifi. In kuwa ya saba tunkuyi, an kuma faɗakar da mai shi amma bai tsare shi ba, jinin yana wuyansa. Abin da aka auna a nan shi ne abin da mutum ya sani tun kafin abin ya faru.

Direba kuwa ya san da yawa. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafa ta kai ga birki. In aka ninka gudu, nisan da birki ke bukata ya tsayar da mota yakan ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe da gudun kilomita 65 ya fi wanda aka kaɗe da gudun 50 haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi. Ko direban da bai taɓa jin waɗannan alƙaluma ba ya san hanyar ƙauye: mata da itace a ka, 'yan makaranta, awaki, rogo da aka shanya a bakin kwalta. Doka ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari saboda su.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a Fabrairun 2017. Na'urar tana da amfani a babbar hanya, amma ba ta san ranar kasuwa ba. Gudun da ta yarje wa mota ya isa ya kashe yaro.

Duk da haka, ba adalci ba ne a jibga wa direba nauyin shi kaɗai. Akwai mai motar da ya yanka masa balas ɗin da ba ya samuwa sai ya yi sawu biyu a wuni. Akwai fasinjan da ke yi masa ba'a cewa tafiyar hawainiya yake yi, da 'yan Zumunta da suka tashi a makare suna son su riski taro. Wani kuma tsoron masu garkuwa da mutane ne ke sa shi taka mota a dokar daji, wannan tsoro kuwa ba ƙarya ba ne, sai dai ba hujja ba ce a ƙofar makaranta.

Mutanen ƙauye ma suna da nasu rabo. Bayan an binne yaro, sukan fito cikin fushi su tara ƙasa ko su gitta gungume a kan hanya. Fushin yana da dalili. Amma tudun da ba fenti ba alama, ɗan acaba yake jira da dare, ɗan acaban nan kuwa sau da yawa ɗan ƙauyen ne ko na maƙwabta, ɗauke da mai naƙuda zuwa asibiti.