Nasihar Juma'a: Hitar da Ambaliya ta Shiga

Alhamdu lillahi ruwa ya janye, Allah ya mayar mana da alheri. Sai dai mun ji wasu na cewa, "Ai hitar ta bushe, kunna kawai, Allah na nan." Haba Alhaji! Ran iyalinka amana ce a wuyanka.

Hita mai gas in ta nutse, laka kan shiga kan da ke tsayar da gas, waje a bushe, ciki na tsatsa. Gas kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda yaranmu ke barci a tabarma. A rufe tukunyar, a fitar da ita, a kira mai gyara. In an ji wari, ban da ashana, ban da taɓa makunnin lantarki. Wanda kuɗin gyara ya gagara, ya same mu bayan salla.