Alkawarin Dare Ɗaya, Noman Damina Bakwai

A daren 31 ga Disamba na durƙusa a majami'armu ta Dabai, na yi wa Ubangiji alkawarin riƙon gaskiya. Kafin watan Janairu ya ƙare, aka ce in kawo kuɗi a saya mini gurbin aiki. Shekara biyu ke nan takardar digirina tana kwance cikin akwati. Mene ne nauyin alkawarin da talauci bai taɓa gwada shi ba?

Sai na tuna kakana. Kafin a ba shi kakata, damina bakwai ya yi yana golmo, noman da saurayi kan yi wa surukai a al'adarmu ta Lelna. Yakubu ma shekara bakwai ya bauta wa Laban domin Rahila. Aka yaudare shi, ya ƙara bakwai. Ba zaƙin baki aka duba ba, jimiri aka auna.

Halin kirki gona ne. Sabuwar shekara ba ta nome wa kowa. Kunya bayan kunya ake bi, ko an ga amfani ko ba a gani ba.

Ban ba da kuɗin ba. Har yau ba ni da aiki, mahaifiyata kuma ba ta daina tambaya ba. Na ɗauka wannan ce daminata ta farko.