Idan Na'ura Ta Yi Aiki, Wa Za A Tambaya?

'Yan uwa, a shekarar 2021, lokacin annobar korona, aka fara ganin mutum-mutumi yana raba ruwan Zamzam a Masallacin Harami. Kwanan baya wani dattijo a nan Katsina ya tare ni bayan sallar Asuba, ya ce: "Malam, shin wannan abin yana samun ladan shayarwa?"

Na ce masa a'a, Baba. Lada niyya take bi, ƙarfe kuwa ba shi da niyya. Ladan na wanda ya saye shi ne, ya ajiye domin baƙin Allah.

To amma mu lura. In lada ga mai na'ura take komawa, alhaki ma wurinsa yake komawa. Ba sai mun je Makka ba. ATM ya cire wa talaka kuɗi bai ba shi ba, ya yi ta zarya, a ce masa "matsalar na'ura ce." Mai kamfani ya sayo inji, ya kori leburori bai biya su haƙƙinsu ba, ya ce ai zamani ne.

Ranar hisabi ba injin za a tsayar ba. Wanda ya kunna shi za a tambaya.

Allah Ya raba mu da haƙƙin mutane, amin.