Kifin ne Mugu, ko Ruwan ne Ya Yi Kaɗan?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa jin kifin da ake kiwo cikin ɗaki? A manyan birane wasu suna zuba ruwa a akwatin gilashi, su sa ƙananan kifaye don kallo. Akwai wani ana ce masa moli. Asalinsa ƙasar Meksiko ne da maƙwabtanta. Tsawonsa kamar ɗan yatsa. Ba ya zuba ƙwai, haihuwa yake yi.

In akwati yana da faɗi, moli na zama lafiya. In wuri ya yi kaɗan, sai babban namiji ya kama korar ƙanana, yana cizon su, yana hana su abinci. Ƴaƴan da aka haifa ma manya na haɗiye su. Masu kamun kifi a tabkin Tabalak sun san irin wannan ga tarwaɗa: babba yakan ci ƙarami.

To, me mai kiwo yake yi? Ba ya zagin kifi. Akwatin yake gyarawa. Ya ƙara ruwa, ya dasa ciyawa don ƙanana su sami maɓoya, ya sa mata 2 ko 3 ga kowane namiji. Sai faɗa ya ragu.

Yanzu mu dawo gida Tebaram. Da damina, ruwa ko'ina, manomi da makiyayi suna gaisawa da fara'a. Da rani fa, a bakin rijiya? Guga ɗaya, garke goma, ga mata da tuluna. Nan ne ake ɗaga sanda. Mutanen ba su sāke ba, ruwa ne ya ja baya. Hausawa sun ce hali zanen dutse, amma ba kowane faɗa ne hali ba. Wani ƙishirwa ce.

Sai dai kada ka ce: "Ashe ba ni da laifi." Kifi ba ya iya gyara akwatinsa, kai kuwa kana iyawa. Mu muke cikin ruwan, kuma mu ne masu kiwon. Muna iya zama gaban maigari mu raba lokaci: wannan na mata, wannan na dabbobi, baƙo ma a ba shi nasa.

Kafin ka kira maƙwabcinka mugu, leƙa rijiya tukuna. Kuma ranar da ƙarfi yake hannunka, ka bar wa ƙarami wurin sa guga.