Da wane suna za a kira mai aiki da inji?

 Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, ita ce sunan da muke kiran bayin Allah da ke tsayuwa gaban inji a masana'antu, kamar ta siminti a Malbaza, ko matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, har zuwa ƙananan injinan tatsar man gyaɗa da niƙan hatsi na cikin unguwanninmu.

Wata rana na ji wani matashi mai kula da aiki yana ƙwala wa wani dattijo kira: “Kai, yaron inji!” Dattijon nan gemunsa fari fat, kuma an shaida mini ya fi shekara 20 yana juya injin. Da jin ƙararsa kawai yana gane inda ya lalace. Ya amsa kiran, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai.

Kakanninmu ba su san wannan ba. A wurinsu sunan ma'aikaci daga sana'arsa yake fitowa: mai ƙira maƙeri, mai saƙa masaƙi, mai jima majemi, mai rini marini. Kowace sana'a da sarkinta, har gobe akwai Sarkin Maƙera a fadojinmu. Da aikin Bature ya zo sai ya taho da sunayen da ba su ambaci gwaninta ba: lebura, boyi, da sauransu. Mu ma muka ƙara namu, don mu ne muka laƙaba wa mataimakin direba “karen mota”, alhali ɗan Adam ne da Allah ya karrama.

Addini bai ɗauki suna da wasa ba. A cikin Suratul Hujurat Allah ya hana muminai su riƙa jifan juna da munanan laƙubba. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mutum ya ce wa wanda ke ƙarƙashinsa “bawana”, ya nuna masa lafazin da ya fi taushi. Ya canza sunan wata ƴar Sayyidina Umar daga Asiya, mai ma'anar mai saɓo, zuwa Jamila. Idan an yi wa bawa wannan ladabi, ina ga ɗa mai cin guminsa? Kada kuma mu manta Annabi Dawuda ƙarfe yake sarrafawa yana ƙera sulke, Annabi Zakariyya kuwa kafinta ne.

To amma a nan ne nake so mu yi hattara, domin akwai wani canjin suna da ya kamata a ajiye kusa da wancan. An sami matar da ake kira Barra, wato mai yawan biyayya, Manzon Allah ya mayar da ita Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Ashe sunan da ya kumbura mutum shi ma abin gyara ne, kamar wanda ya ƙasƙanta shi. Abin da ake nema suna ya zama mai kyau, ya kuma zama gaskiya.

Faransa, wadda daga wurinta muka gaji tsarin matakan ma'aikata, ta taɓa wannan wasan. Bayan yaƙin duniya na biyu an raba ma'aikatan masana'antu mataki-mataki, aka kira masu tsayuwa kan inji “ouvrier spécialisé”, a taƙaice O.S. Wanda ya ji sunan sai ya zaci ƙwararre ake nufi, alhali matakin yana can ƙasa, mutum yana maimaita aiki guda tun safe har dare da ɗan albashi kaɗan. Daga baya aka fi kiransu “opérateur”, aka kuma riƙa ce wa mai shara “technicien de surface”, har mutane suka mai da abin ba'a. Tsintsiyar dai tana nan, ciwon bayan ma yana nan.

Mu ma mun fara. Yanzu duk wanda ya riƙe sifana sai a ce masa injiniya. Wani mai masana'anta zai kira ma'aikacinsa injiniya a gaban baƙi, ƙarshen wata ya ja masa albashi kwana goma, kuma bai saya masa ko safar hannu ba, balle abin toshe kunne. Wannan ba girmamawa ba ce, romon baka ne. Ni dai a ganina ya fi “lebura” muni, domin an haɗa wa mutum zalunci da yaudara, an kuma rage darajar wanda ya yi shekaru yana karatun injiniya na gaskiya. Shari'a ta yi umarni a gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa, babu laƙabin da zai tsaya a madadin wannan.

Suna a wurin aiki yana da nauyin kuɗi ma. Abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ke nuna matakin mutum, matakin kuma shi ke yanke albashinsa da abin da za a zuba masa a asusun fansho. Wanda ke tafiyar da injin miliyoyi amma an rubuta shi “manœuvre”, an ci masa haƙƙi tun daga alƙalami, ko da ana ce masa ranka ya daɗe kullum safiya.

Saboda haka mai masana'anta da ke son gyara ya fara da tambayar ma'aikatan kansu sunan da suke so. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Wanda ke juya inji matuƙin inji ne, wanda ya ƙware gwanin inji, wanda ke gyara shi makanike, wanda ke koyo kuwa a ce masa mai koyon aiki, kada a ce yaro. Sannan a rubuta sunan a takarda, matakin albashi ya bi shi. A bakin ƙofa kuwa, dattijon da na ambata Malam ne ko Baba ga wanda bai kai shekarun ɗansa ba, ko da shi ne ke riƙe da littafin albashi.