Ina Iyakar Tanadi?

A ƙasar Zazzau ta arewa, wajen Gazara da Makarfi da Kudan da Ikara, da zarar an gama yankan dawa sai hankalin magidanta ya koma kan itace. Gama kowa ya sani hunturu yana tafe. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi ta kan taso daga Hamada, ta zo da hazo, ta tsattsaga leɓe da ƙafa. A kwanakin nan tsofaffi da jarirai su ne su kan fi wahala. Gidan da babu wutar jin ɗumi da asuba, gidan tari ne da mura.

Saboda haka mutumin da ya ɗauki gatari tun da kaka, ya sara, ya faskara, ya jera itacensa bisa duwatsu don kada gara ta ci, ya yi abin kirki. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta sai hayaƙi ya cika ɗaki, idanu su yi ja, zafi kuwa kaɗan. Wanda ya tara da wuri har ya bushe ya tsare ƙirjin matarsa da na 'ya'yansa. Ba wanda zai zarge shi, rago ne ya kamata ya ji kunya.

Amma ga tambaya, mai karatu. Mutum biyu suna da tarin itace a bayan gida, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Ko yana yiwuwa ɗaya ya zama mai tanadi, ɗayan kuwa mai ɓarna? I, yana yiwuwa. Girman tarin ba ya nuna halin mai shi. Sai ka tafi jeji ka ga abin da kowannensu ya bari a baya.

Na farko ya datse rassan marke, ya tsinci busasshe, ya haɗa da karan dawa. Baɗi marken nan zai sake toho, ya sake ba shi. Na biyu ya tarad da ɗorawa mai rai, ya ɓare ɓawonta kewaye, ko ya hura wuta a gindinta. Bayan 'yan watanni sai ya komo ya ce, ai busasshiya ce na sara. Ya ruɗi mai gari, watakila ya ruɗi kansa, amma ɗorawa dai ta mutu. Ita ce mai ba da kalwar da mata ke yin daddawa. Kaɗanya kuma ita ce mai ba da man kaɗe. Irin waɗannan itatuwa su kan yi shekaru masu yawa kafin su soma 'ya'ya, gatari kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Wanda ya ƙone su ya sayi ɗumin wata uku da miyar shekara talatin. Miyar nan kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai, har da ta jikokinsa waɗanda ba su da bakin yin ƙara tukuna.

Wani zai ce, "Wannan magana ce ta mai ƙoshi. Ɗana yana rawar ɗari yau, kana yi mini zancen jika? Kananzir da gas sun fi ƙarfina. Motoci kuma suna ɗibar itace da gawayi zuwa Zariya da Kano, in ban sara ba wani zai sara." Maganar nan tana da nauyi, kada mu raina ta. Ba daidai ba ne a ce wa matalauci ya kwana cikin sanyi domin itace ya rayu. Mutum ya fi itace daraja. Amma a lura, cewa wani zai sara in ban sara ba, ita ce hujjar da kowane ɓarawo ya ke ba zuciyarsa. In dukan gari suka riƙe ta, ba da daɗewa ba mata da yara za su riƙa tafiyar rabin yini neman ƙirare, matalaucin nan kuwa shi ne zai fara shan wuya, gama ba shi da kuɗin saye.

Shin dole ne a zaɓa tsakanin ɗumin yau da inuwar gobe? 'Yan'uwanmu Hausawa na Maradi, a Jamhuriyar Nijar, sun nuna ba dole ba ne. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, gonakinsu sun zama fili fetal. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen itatuwa, saiwarsu tana da rai a ƙasa. Dabarar mai sauƙi ce. A kowane kututture ka zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran. Abin da ka yanke shi ne itacen wutarka, abin da ka bari shi ne itacen baɗi. Bayan yunwar 1984 manoma da yawa suka karɓi wannan sassaben zamani, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya ci musu shi ne wuƙa da haƙuri.

To, ga iyakar tanadi. Ka ɗauki abin da zai sake tsirowa, gwargwadon bukatar gidanka, ka bar tushe da rai. Abin da ya wuce wannan haɗama ce, ko da an jera ta da kyau. Hausawa sun ce don tuwon gobe a ke wanke tukunya, ba wanda ya taɓa cewa a fasa ta. Bana in ka fita da gatari, dubi gonarka ka ƙidaya kututturen sabara da kalgo da marke da ke toho, ka bar musu rai. In kuma tarinka ya yi saura, ka tuna da tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai, wadda ba ta da mai sara mata. Dami ɗaya ba zai rage ka da kome ba.